Kalmomin da Suka Jira Jirgi

Akwai wani bakanike da ya buɗe gareji a bayan gidana, duk unguwa kuma ƙorafinsa ake yi, ban da ni. Idan aka yi ruwan farko, baƙin man da ya zubar ya haɗu da jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai wani wari ya tsallako katanga ya same ni a tsakar gida. Maƙwabta su toshe hanci, ni kuwa in ajiye abin da ke hannuna in tsaya cik. Haka bakin kogin Garuwa yake wari da damina lokacin da nake yarinya. Haka kuma rigar abokin kakana take wari idan ya sunkuyo ya ɗaga ni sama.

In kai ɗan yau ne, da wuya ka yarda cewa manyan jirage sun taɓa zuwa har garinmu. To sun zo, da idona na gani. Yawancin shekara Binuwai yashi ne da 'yan tafkuna, mata na wanki, shanu na ratsawa. Amma da damina ta yi nisa sai ruwa ya cika ya yi jawur, wata safiya kuma a ji jiniya daga yamma, duk gari ya kwasa da gudu. Daga bakin teku jiragen suke tasowa, su ratso Nijeriya, su kawo gishiri da siminti da kananzir da atamfa, su koma da auduga da gyaɗa da fatu. Ba sa daɗewa, don da ruwa ya fara ja dole su juya. A shekarun ne muka samu 'yancin kai, shugaban ƙasar ma ɗan garinmu ne, amma ni a lokacin babu abin da ya kai mini zuwan jirgi girma.

Kakana, mahaifin babana, a kan jiragen nan ya ƙarar da ƙarfinsa. Kuku ne. Ya yi wa Turawan kamfani girki shekara da shekaru, sama da ƙasa a kan ruwa, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji, ya sauka ya zauna a gida. Abin da ya sauko da shi bai taka kara ya karya ba: wuƙa ɗaya, da iya gasa burodi a cikin durom, da baki cike da kalmomin Ingilishi. Mu a Garuwa Hausarmu a cakuɗe take da Fillanci da Faransanci. Inda muke cewa lofital, shi asibiti yake cewa. Mu ce buji, ya ce kyandir. Yaran unguwa na kwaikwayonsa a bayan ido, ni ma ina cikinsu, Allah ya yafe mini, don na fi kowa iyawa. Ranar da ya kama ni, maimakon ya zane ni sai ya ce in sake. Na sake. Ya ce ashe aku aka haifa masa a gida, daga ranar kuma Aku ya zama sunana a bakinsa.

Tsohon nan ba ya barin kalma ta zauna lafiya. Yana cikin shan shayi sai ya tsaya, ya zuba wa kofin ido, ya ce ko wa ya fara ce wa wannan abu kofi, a wane gari, kuma me ya gani? Kakata ta ce masa ya sha abinsa tun bai huce ba, wanda ya raɗa sunan ya daɗe da mutuwa. Amsarsa ɗaya ce kullum.

"Ni kuku ne. Ban taɓa jefa abu a tukunya ban san daga ina ya fito ba. Bakina ya fi tukunya araha ne?"

Mutum ɗaya ne a duniya yake iya amsa masa, shi ne mai kula da injin jirgin da ya yi aiki a kai. Mutumin can ƙasa ne kusa da teku, Kirista, ƙato mai tumbi, da tabarau ɗaure da zare a bayan kunne. Mu yara Baban Jirgi muke ce masa. Hausarsa ta kasuwa ce, gurguwa, ni ma yaro yake kirana. Sun daɗe tare a kan ruwa, ɗaya a gaban murhu, ɗaya a gaban inji, duka biyun cikin zufa. Baban Jirgi yana da wani ƙaton littafi marar bango, naɗe a tsumman tamfol, wanda wani Bature ya bar masa. A ciki akwai kowace kalmar Ingilishi da ma'anarta, a gefe kuma da ƙananan baƙaƙe an rubuta daga wace ƙasa ta fito.

To, jirgi sau ɗaya yake zuwa a shekara, tambayoyin kakana kuwa ba su san rani ba. Idonsa ya yi rauni, ko ajamin da ya iya ba ya gani. Sai ya ɓullo da dabara. Duk kalmar da ta dame shi, sai ya kira ni, ya faɗa mini sau uku, ya jefa ƙwayar tsamiya ɗaya a gwangwanin madara. Ƙwayoyin su ne shaida, kaina kuma shi ne ma'ajiya. Kowace Juma'a bayan la'asar ya zazzage su a kan tabarma, yana turo su ɗaya-ɗaya da yatsa, ina faɗin kalmomin a jere. Idan ƙwaya ta rage ba ni da kalmarta, ranar babu ɓawon burodi a gare ni. Ban fi sau biyu na rasa ba.

Ranar zuwan jirgi tun da sassafe ake hura wa durom wuta. Kafin hantsi ƙanshin burodi ya cika layinmu, har manoman kan duwatsu da suke saukowa da kayan miya kasuwa sukan leƙo su ce a sayar musu, a ce ba na sayarwa ba ne. Da la'asar sai ga Baban Jirgi yana haki, littafi a hammata. Su rungume juna, su zagi juna a kan wa ya fi tsufa, sannan su zauna gindin dalbejiya. Ni a tsakiyarsu da gwangwani. In faɗi kalma yadda kakana yake faɗa, Baban Jirgi ya juya ta a bakinsa har ya gano yadda masu ita suke faɗa, ya lashi yatsa, ya shiga buɗe shafi.

A nan na ji cewa biskit na nufin abin da aka gasa sau biyu. Kakana ya buga cinya ya ce ai ya sani, hannunsa ya daɗe da sani, kansa ne bai samu labari ba. A nan na ji cewa kananzir daga kalmar Girkawa ta kakin zuma aka samo shi, kakana ya ce ƙarya littafin nan yake, wace zuma ce take wannan warin? Dama bai taɓa karɓar amsa da fari ba. Sai an yi musu, an ɗaga murya, kakata ta leƙo daga madafa ta ga ko dambe ake, sannan ya yarda da kyar, ya ɗauki ƙwayar ya sa mini a tafin hannu, wato an gama da ita. Da aka zo kan bokiti, littafin ya ce ana jin daga wata tsohuwar kalma ya fito mai nufin ciki. Kakana ya dubi tumbin abokinsa, ya dubi bokitin alwala. Baban Jirgi ya yi dariya har zaren tabarau ɗinsa ya tsinke.

Amma ranar sukari ita ce ranar sallarsa. Littafin ya ce Ingilishi daga Faransawa suka karɓa, kalmar kuwa ta hannun Larabawa ta shiga ƙasashen Turai, Larabawan ma asalinta daga wajen Indiya ta iso musu. Kakana ya sa aka maimaita masa sau uku. Shekara nawa yana miƙa wa Turawa sukari a faranti, kansa a sunkuye, yana zaton har sunan abin nasu ne. Mako guda ya yi yana bin rumfunan kasuwa yana ba da labari, da Hausa ga mai jin Hausa, da Fillanci ga mai jin Fillanci.

"Ashe su ma aro suke yi," yake cewa. "Ashe kowa a gidan wani ya ɗebo wuta."

Haka muka yi damina biyar ko shida. Daga nan yaƙi ya ɓarke a Nijeriya, aka rufe kogi ta can ƙasa. Ruwa ya cika a kan lokacinsa, jiniya ba ta yi kuka ba. Garin Baban Jirgi kuwa a tsakiyar inda ake faɗan yake. Ba mu da adireshinsa, don me ma za a nema, mutumin da kogi ke kawowa duk shekara? Babana, wanda yake aiki a gidan gurzar auduga, yana da rediyo, kuma duk abin da ya ji game da yunwa da gawarwaki a can ba ya faɗa a gaban tsoho. Amma kakana ba yaro ba ne. Yana ganin fuskar ɗansa idan ya kashe rediyon.

Bai fasa komai ba. Ƙwayoyi suka ci gaba da faɗawa gwangwani, Juma'a ta ci gaba da zama ranar bita. Da ruwa ya cika sai ya hura wa durom wuta, ya ce wa ya sani. Burodin mu muke cinyewa da yamma. Damina ta biyu ma haka. Gwangwani ya cika, aka samo na tumatir babba aka juye.

A tsakanin nan na gama lekol, wato firamare, babana ya dage sai na shiga kolej, duk da surutun dangi. A can aka fara koya mana Ingilishi. Malaminmu mutumin yammacin ƙasarmu ne, ɓangaren da suke jin harshen tun asali, kullum yana kukan zafin Garuwa yana fifita da littafin rajista. Wata rana na ga wani ƙaton littafi a kan teburinsa. Na buɗe, sai ga ƙananan baƙaƙen nan a gefen kowace kalma. Na roƙe shi, ya yarda in riƙa dubawa lokacin hutun tara, har yana taimaka mini da gajerun alamomin da ban gane ba. Wata biyu ina yi, ban faɗa wa kowa ba. Duk kalmar da ke cikin gwangwanin kakana sai da na samo mata gida, na rubuta da kyau a sabon littafi, na ja layi da jan biro. A raina ina cewa babu jikar da ta taɓa yi wa kakanta irin wannan kyauta.

Juma'a ta zo. Bazara ce, zafi ya sa ko kaji sun buɗe baki. Ya zazzage ƙwayoyi, ya turo ta farko, na ce kyandir. Kafin ya turo ta biyu na zaro littafina daga ƙarƙashin zane, na gyara murya irin ta malamai, na fara karanta masa cewa kyandir daga harshen Rumawa ya fito. Ban kai ƙarshen layin ba.

"Wa ya aike ki?"

Na ce babu kowa. Na ce duk na samo, Kaka, duka, ba sai an jira ba.

Wannan maganar ta ƙarshe ita ce har yau nake jin kunyarta. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya tattara ƙwayoyin da hannu biyu, wasu suna zubewa yana lalubensu a kan tabarma, bai bari na taya shi ba. Ya rufe gwangwani, ya dafa bango ya miƙe, ya shiga ɗaki. Na zauna da littafina a cinya ina kuka, rabi don baƙin ciki, rabi don haushi, domin ni a ganina an yi mini rashin adalci.

Kakata tana tsintar shinkafa a ƙofar madafa, ta ga komai. Sai da na gaji don kaina sannan ta yi magana, ba ta ko ɗago kai ba.

"Ke da wayonki. Mutum ya ajiye wa baƙonsa abinci ya rufe, ki zo ki cinye, ki ce wanke kwano kika taya shi?"

Sai a lokacin na gane. Ba amsa kakana yake tarawa ba. Muddin akwai tambayar da ba a amsa ba, to akwai wanda ake jira ya zo ya amsa, wanda ake jira kuwa bai mutu ba. Ni kuma na zo da jan birona zan rufe masa ƙofar.

Wata da watanni bai ce mini Aku ba. Da sunana yake kirana, cikin ladabi, kamar 'yar maƙwabta, abin da ya fi bulala zafi. Ni kuwa ban yar da littafin ba, na cusa shi ƙasan akwatin kakata. Kalmomin ma ban bari sun zube ba, ina bitarsu ni kaɗai a hanyar kolej. Sai da aka yi girbi, wata Juma'a, na ji ƙarar gwangwani a gindin dalbejiya da muryarsa yana cewa ina akun gidan nan, ko ta tashi ne? Na fito da gudu. Na faɗi kalmomin a jere, ban ƙara ko harafi ba, shi ma bai tayar da zancen ba.

Yaƙi ya ƙare, amma jiragen ba su dawo kamar da ba. Kaya sun koma bin manyan motoci ta hanyar Ngawundere, ana ta zancen jirgin ƙasa zai iso can. Jiragen ruwa ɗaya ko biyu sun leƙo, ƙanana, da baƙin fuskoki. Kowanne sai da muka je. Kakana ya dafa kafaɗata, ya tsaya a bakin ruwa yana kwatanta musu abokinsa da Ingilishinsa na madafa: ƙato, mai tumbi, tabarau da zare. Su girgiza kai. Wani ya ce ma'aikatan wancan jirgin sun watse tun farkon faɗa, kowa ya nufi garinsu. Iyakar abin da muka taɓa ji ke nan.

Damina ta biyar da rashin zuwan Baban Jirgi, ruwa ya cika fiye da kullum. Kakana ya ce in kai shi tashar jirgi. Tafiyar da muke yi kafin shayi ya huce, ranar sai da muka zauna sau uku. Muka tarar da kogi ya yi faɗi, ya yi kyau, babu komai a kansa sai kwalekwalen masunta. Ciyawa ta fito a tsakanin simintin da ake sauke kaya. Ya daɗe yana kallon yamma da idon da ba ya gani sosai, ya tambaye ni ko ina hango hayaƙi. Na so in yi masa ƙarya. Na ce babu, Kaka.

Washegari da hantsi ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya zazzage gwangwani, alhali ba Juma'a ba ce.

"Aku, littafin nan naki yana nan?"

Na ce yana nan. Ya ce in ɗauko. Kakata da kanta ta buɗe akwatin ta miƙo mini, ta koma madafa ta ja labule.

Ya turo ƙwaya, na faɗi kalma, na karanta asalinta. Kyandir daga kalmar Rumawa ta haskawa. Ya ce to, wannan ko jaki ya sani. Tebur asalinsa allo ne, ko falankin katako. Ya ce wato allo ne ya yi ƙafafu ya shiga ofis. Asibiti masaukin baƙi. Ya ce ƙarya littafin nan yake, wane mai masauki ne yake soka wa baƙonsa allura? Na ce haka aka rubuta. Ya ce ai ba a amsa musu da haka aka rubuta, in ɗaga murya, in kare littafina. Sai na ɗaga. Muka yi ta yi, yana ƙaryata ni ina rantsuwa, yana sa mini ƙwayoyi a hannu har suka fi ƙarfin tafina na koma zubawa a zane.

Can wajen tsakiya muka zo kan kamfani. Na karanta masa cewa asalinta mutanen da suke cin burodi tare.

"Ƙarya ne," ya ce. "Kamfani bai taɓa cin burodi da mu ba. A tsaye muke, suna ci."

Ya murza ƙwayar tsakanin yatsu.

"Ni da shi dai mun ci."

Bai sake musu ba har muka gama. Da tabarma ta zama wayam sai ya kira kakata, ya ce gobe a jiƙa shinkafa a yi waina mai yawa, a raba wa yaran unguwa sadaka. Ta ce a hankali, mutumin fa ba musulmi ba ne, ba ta san ko ana yi ba. Ya ce shi ma bai sani ba. Ya ce a raba kawai, Wanda ake ba dominsa ya san inda zai kai. Aka yi wainar, ni na raba. Kakana ya ga ƙarshen wannan damina, bai ga wata ba.

Yanzu ni ce tsohuwar gida. Jikata tana da waya, kuma ranar da na ba ta labarin nan, kafin in rufe baki ta nemo asalin kalma huɗu, ta juyo mini da fuskar wayar tana murmushi. Na yaba mata, don na san wannan murmushin, na taɓa yin irinsa. Ba na cewa zamaninsu ya lalace. Abin da kakana yake jira shekara guda, su a numfashi ɗaya suke samu, kuma alheri ne. Sai dai babu wanda zai hura wa durom wuta saboda waya, babu kuma wanda zai tsaya a bakin ruwa yana tambaya ko ta iso lafiya.

Ban taɓa sanin abin da ya sami Baban Jirgi ba. Wataƙila yaƙin ne ya ci shi, wataƙila ya tsufa a garinsu cikin jikoki, yana ba su labarin wani kuku mai taurin kai a can ƙarshen kogi. Ni dai abin da na sani, a wancan hantsin na zauna ina ɗaga murya a kan tebur da asibiti, ina jin na isa. Sai da na girma, na yi zaman makoki a gidaje da yawa, sannan na gane cewa kakana ya rasa wanda zai kawo masa labarin rasuwar abokinsa, shi ne ya sa ni na karanta masa.